Ranar da Kaka Ta Yi wa Likita Gwalo

Kakata ta zo mana garin Greensboro a Amurka da akwati biyu da gwiwa mai ciwo, kuma gwiwar ta fi akwatunan nauyi. Wata takwas tana salla a kan kujerar kicin, mu muna sujada, ita sai dai ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa kuka da ciwon ba. Abin da ke cin ta shi ne rabon goshinta da ƙasa. Na taɓa ganin ta tana shafa darduma da tafin ƙafa, ta ɗauka ba mai kallo.

Wata Anti 'yar Kumasi da ke aiki tare da Mama ce ta ba mu labarin wata tsohuwar likita 'yar ƙasar Sin a wajen Sedgefield, mai magani da allurai sirara kamar gashi. Sokawa ake yi a bar su tsaye a jiki. Mama ta ajiye mu ta wuce aiki, ni na zama tafinta, don Turancin Kaka bai wuce "tankiyu" ba.

Likitar, kanta fari fat, ta riƙe wuyan hannun Kaka ta lumshe ido har na zaci barci ya kwashe ta. Sannan ta ce a nuna harshe, wai da shi suke gane halin da jiki ke ciki.

"Kaka, wai ki fito da harshenki."

"In yi me?"

"Harshe. Waje. Dukansa."

"Ke ja'ira! Ni za ki sa in yi wa babbar mace gwalo? Ƙarya kike, ba haka ta ce ba."

Laifina ne. Sati biyu kafin nan na fassara mata cewa mai kawo wasiƙa yana tambaya ko tana da miji, alhali gaisuwa kawai bawan Allah ya yi. Tun ranar ta daina yarda da ni.

Na rantse, na sake rantsewa. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta fara laluben sandarta. Da na ga da gaske tafiya za ta yi, ta koma wa kujerar kicin, sai wasa ya fita daga kaina. Na gaya wa likitar cewa a wurinmu zaro wa babba harshe rashin kunya ne, yara ma faɗa ake musu a kai.

Tsohuwar ta cire tabarau, ta matso gaban Kaka, ta zaro nata harshen har ƙarshe.

Kaka ta yi salati. Sai kafaɗunta suka fara rawar dariya a cikin mayafi.

"To, kin dai gani, ita ta fara," in ji ta, ta rama.

Ni allura dubu na ƙirga a jikinta, ko da yake likitar ta ce ba su kai ashirin ba. Kaka ta kwanta kamar bushiya, har da minshari.

Mun yi ta komawa duk Talata. Gwiwar ba ta koma ta budurwa ba, har yau da sanda take hawa bene. Amma wata la'asar, a raka'ar ƙarshe, na ji kujera ta yi ƙara a gefena. Kaka ce ta sauka a hankali, hannu ɗaya, sannan ɗayan. Ta daɗe a sujadar nan har muka yi sallama ba ta ɗago ba.

Da ta idar, ni da Mama muka kama ta ta miƙe. Shatin darduma na kwance a goshinta, idanunta sun jiƙe.

"Ke," ta ce, "idan mutanen gida suka ji na yi gwalo a Amurka, sai na karya ki."

Ban gaya mata tun a ranar, a mota, na tura musu labarin ba.