Kwalbar da Ke Cikin Safar Des

Glenys Targett ba ta taɓa shuka abin da aka ce ta shuka ba. Lokacin da ita da mijinta Des suka sayi gangaren nan mai kallon kogin Tamar, a Tasmaniya, duk kwarin daga mai kiwon tumaki sai mai noman tuffa. Su kuwa suka dasa inabi a inda iskar teku ke tsaga leɓe. Maƙwabta suka yi dariya har suka gaji. Sanyi ba ya barin inabin ya nuna da wuri, shi ya sa farar giyar Glenys take fitowa da tsami mai kama haƙori, ga ƙanshin lemun tsami da furen tuffa. Duk wanda ya ce tsamin ya yi yawa, sai ta kwatanta masa hanyar shagon alewa.

Des ya rasu, ta ci gaba. 'Yarta Bronwyn ta dawo gida ta karɓi yawancin aikin, amma abu ɗaya tsohuwar ta ƙi saki: ita ke faɗin ranar yankan inabi. Takan bi layi tana tsinka, tana taunawa, tana shinshinawa. Ranar da hancinta ya amince, ranar za a yanka, ko sama da ƙasa za su haɗe.

A ƙarshen kowane hunturu manoman kwarin sukan taru a tsohuwar rumfar askin tumaki. Kowa ya kawo kwalbarsa, mutum ɗaya ya zura su cikin tsofaffin safa don kar a ga suna, ya jera a tebur. A zuba, a juya kofi, a shinshina, a kurɓa, a tofar a bokiti, sannan a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Wanda ya kasa gane tasa giyar shi ke wanke kofuna, kuma ya sha tsiya har shekara ta zagayo. Glenys ba ta taɓa riƙe soso a rumfar nan ba, ba ta kuma bar kowa ya manta ba, musamman maƙwabcinta Noel Bingham, wanda ta daɗe tana kiran giyarsa ruwan sukari.

Bana wata mura ta kwantar da ita. Murar ta tafi, ta tafi da hancin. Glenys ta ɓoye cewa ta daina jin ƙanshin komai, har safiyar da burodi ya ƙone ƙurmus a bayanta tana zaune tana shan shayi, Bronwyn ta shigo cikin hayaƙi tana tari. Suka dubi juna, Bronwyn ta gane.

Da ranar taro ta matso, Bronwyn ta roƙe ta ta zauna a gida, a ce ba ta da lafiya. Ta kuma lallaɓo da zancen cewa watakila lokaci ya yi da za a bar mata faɗin ranar yanka.

"Hancina ne ya mutu, ba ni ba," in ji Glenys. "Zan je. In na kasa gane giyata, ranar yanka ta zama taki. In na gane, kar in sake jin bakinki."

Ta je ɗin, da jar hularta ta ulu. Noel ya tarye ta tun daga ƙofa, yana tambaya ko bana ma ta kawo musu maganin tsatsar nan nata. Ta ce masa ta kawo, ya wanke bakinsa da shi ko zai koyi magana.

Bronwyn ce da jeren kwalabe a bana. Glenys ta kai ido kan tebur. A tsakiya ga wata safa ruwan toka, da facin jan zare a dunduniya. Ita ta yi facin da hannunta, ranar da zaren toka ya ƙare mata. Safar Des ce. Tun rasuwarsa tana cikin akwatin kayanta, takan ɗauko ta kai hanci ta ji warin ulu da ƙasar gona da mutumin kansa. Ta juya ta nemi Bronwyn, ta tarar ta duƙufa tana goge wani kofi da ba shi da datti.

Ba shakka giyar Glenys ce a cikin safar. Abin da ya rage kawai ta yi ɗan juye-juyen kofi, ta nuna safar, ta koma gida da mutuncinta da ranar yankanta. Yarinyar ta sarayar da abin da take so don ta rufa wa uwarta asiri. Glenys ta gane haka sarai, kuma ranta ya ɓaci ƙwarai, don a duniya ba abin da ta tsana kamar a ji tausayinta.

"Noel," ta ce, "ka zuba mini su duka a bayana, ka hargitsa kofunan. Na san wata safa a nan."

Bronwyn ta ce, "Mama, don Allah," a hankali, amma Glenys ta riga ta juya wa tebur baya.

Ta ɗauki kofunan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɓata lokaci tana kai su hanci ba. Ta kurɓa, ta jujjuya a baki, ta tofar. Duk ruwan sanyi ne mai tsami, wani ya ɗan fi wani. Ta sake bi, sannan ta ɗaga wanda ya fi kama mata haƙori, ta ce wannan ce tata.

Noel ya dubi kofin. Ya ce, "Tawa ce, Glenys."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"To me kuke jira?" ta ce. "Hancina ya mutu tun tsakiyar hunturu, ga shi kun gani. Na ɗauki ruwan sukarin Noel na ce nawa ne. In wannan bai isa abin dariya ba, ban san me zai isa ba. Ku yi mini tsiyata yadda na yi muku."

Noel ne ya fara dariyar. Ya ce ashe sai da hancinta ya mutu ta san giyar kirki. Ta ce ai mai mataccen hanci kaɗai zai zaɓe ta. Nan rumfar ta ɓarke.

Glenys ta naɗe hannun riga ta tsaya gaban bahon wanke-wanke. Bronwyn ta matso da tawul, uwar ta ture ta da gwiwar hannu. Ta ce mata daga yau ita Bronwyn ce mai faɗin ranar yanka, amma ta sani za ta same ta a cikin layi tana yi mata faɗa kowace safiya. Sannan ta miƙa jiƙaƙƙen hannu, ta ce a ba ta kayanta.

Bronwyn ta zare safar daga kwalbar ta ba ta. Kafin Glenys ta ankara, hannunta ya kai ta hanci kamar yadda ya saba. Ta ja numfashi mai tsawo. Ba ta ji komai ba.

Ta ninke ta, ta cusa a aljihu, ta ɗauki soso.