Sulallan Inna da harajin da na ƙaga

Da ɗana ya tashi aure, dangin yarinya suka ce sisin gwal suke so sadaki. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune da mu a garin Clinton na jihar Maryland a Amurka lokacin. Ta ce ita za ta saya wa jikanta, da sulallan azurfar da babanta ya bar mata tun zamanin fatauci.

Na taɓa tura hotonsu ga wani mai shagon tsofaffin kuɗi da gwal a Springfield ta jihar Virginia. Sun yi baƙi ƙirin, amma ya ce masu tara irinsu za su biya da tsada, har kuɗin ya isa sayen gwal ɗin. Na zaɓi shagonsa ne don a Maryland ana ɗora haraji a kan gwal, a Virginia kuwa babu. Na yi ta yi wa Inna bayanin wannan dabara ina jin kaina.

Muka haye kogin da ya raba jihohin biyu ranar Asabar. Inna ta kwance ƙullin sulallan a kan teburin shagon, sai ga sulalla suna walƙiya. Ashe ta jiƙa su a ruwan tsamiya, ta dirje su da soson ƙarfe.

"Ai ba a kai wa mutane kaya da dauɗa," in ji ta.

Mutumin ya juya ɗaya, ya ajiye a hankali. Ya ce da Turanci baƙin nan shi ake saye. Yanzu sai dai a auna su a narkar. Kuɗinsu ba zai kai na gwal ɗin ba.

"Me ya ce, 'yar nan?"

Na dubi yatsunta duk sun saɓule.

"Wai haraji ne ya cinye, Inna."

"Ba kin ce nan babu ba?"

"Sun sa kwanan nan."

Ta zare uku ta mayar cikin zani. Na cika sauran kuɗin da katin bankina tana kallon waje.

An ɗaura aure lafiya. Har yau duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin zaluncin harajin ƙasar nan, ni kuwa ina kicin raina a jagule. Ukun nan ta ce na jaririn da amarya za ta haifa ne. Jiya ta aike ni in sayo mata tsamiya, na kuwa sayo.