Ya Ajiye Wayarsa Ya Shiga Da Tabarau

Assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya same ni, ni magidanci ne da ya haura arba'in, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana, inda aka haife ni aka haifi ubana. Noma nake yi da kiwo, da rani kuma ina shiga ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, don na gaji da kai wa mutane wayata su karanta mini saƙo. An san ni da haƙuri a garinmu, har wasu kan ce ya yi yawa. Shi ya sa, duk da ban kai dattawa shekaru ba, idan za su zauna a kan maganar tsaron gari sai an aika an kira ni, kuma idan na yi magana ana saurare.

Kowa ya san halin da ɓarayin daji suka jefa yankinmu. Bayan an sha kore mana dabbobi, sai muka daina ɗaure shanu a gida. Akwai wani kwari a bayan duwatsu, mai ciyawa da ruwan da ba ya ƙafewa da wuri, wanda idan ba ɗan gari ba ne kai za ka wuce ta gefensa ba ka san da shi ba. Can muka haɗa shanun gari duka, 'yan sintirinmu suna karɓa-karɓa wajen gadi. Muka kuma kafa doka guda: ba mai shiga da waya. A bakin hanyar akwai ƙwarya a gindin wata tsamiya, kowa sai ya jefa wayarsa a ciki kafin ya wuce, ko da mai gari ne. Abin da muka fi tsoro shi ne infoma, wato ɗan gida mai kai wa ɓarayi labari, domin mun ga yadda mutum ɗaya ke jawo wa gari guda masifa.

Ina da amini tun muna yara, tare aka yi mana kaciya. Shi ya tafi birni ya yi kasuwanci, Allah ya buɗa masa, amma bai yanke da gida ba. Ya bar mini shanunsa amana, ina kiwonsu tare da nawa. Wata damina ya bugo mini waya ya ce babban ɗansa zai zo ganin gida, in riƙe shi kamar ɗan cikina. Ɗan nan ba yaro ba ne, ya yi aure har da 'ya'ya. Ya iso da fara'a da ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, komai sai ya ce Baba. Raina ya kwanta da shi. Ban tsayar da shi a zaure kamar sauran baƙi ba, na shigar da shi cikin gida ya gaida matata, ya zauna a tabarma ana surfe ana tankaɗe, 'ya'yana mata suna ta kai da kawo a gabansa yadda suka saba a gaban ɗan'uwa.

Abin da na lura da shi kawai shi ne tabarau ɗin da ba ya rabuwa da shi, mai kaurin baki. Na tambaye shi ko ido ne ke damunsa, don ina da wani ɗan'uwa da likita ya ba irinsa. Ya yi dariya ya ce ai Baba idon 'yan birni bai saba da ranar ƙauye ba. Na yi masa addu'ar samun sauƙi, shi ke nan. A wurinmu tabarau magani ne, ko kuma na malami mai duba littafi. Wa zai ce wa mutum ya cire maganin idonsa? Daidai yake da ka ce wa gurgu ya ajiye sandarsa kafin ya shigo gidanka. Wannan maganar ce ta fi ci mini rai har yau, domin ya ji addu'ar da na yi masa, ya amsa da amin, alhali ya san abin da ke kan fuskarsa.

Da ya kwana biyu sai ya ce yana son ganin shanun mahaifinsa. A al'adarmu mai dabba ko ɗansa yana da iko ya ga dukiyarsa duk lokacin da ya so, kuma makiyayin da ya yi ta kawo uzuri, to ana zargin ya ci amana ne. Ban da hanyar hana shi. Na nemi izinin shugaban 'yan sintiri, na ce na tsaya masa, idan wani abu ya biyo baya a tuhume ni. Da muka isa gindin tsamiya, tun kafin a tambaye shi ya fito da wayoyinsa ya zuba a ƙwarya, ya ma juya aljihunsa yana raha cewa a duba da kyau kada a ce ɗan birni ya yi wayo. Masu gadi suka yi dariya, ɗaya ya ce wannan ɗan halak ne. Ni kuwa sai alfahari ya kama ni. Muna tafe yana tambaya ina ba shi amsa: ta ina ake bi idan rafi ya kawo, ta ina ake fitar da shanu idan an ji motsi, ina masu gadi ke fakewa. Na ɗauka mai dukiya ne yake son hankalinsa ya kwanta. Ya ga shanunsa sun yi ƙiba, ya sa mini albarka, ya koma birni.

Ba a daɗe ba na shiga kasuwar Batsari. Ina wucewa ta layin mahauta, wani da muka saba tsokanar juna ya ƙwala mini kira, yana cewa ga jarumin fim ya iso, a ba shi hanya, yau tsire sai na manya. Na ɗauka wasanmu ne na kullum, na ce ya bar ni da yunwata. Sai ya daina dariya, ya goge hannunsa, ya miƙo mini waya. Na ga kaina. Na ga bayana ina tafiya, na juyo ina nuna dutse da sanda, na ji muryata tana bayanin hanya tiryan-tiryan. Ga tsamiyar, ga fuskokin masu gadi, ga shanun gari. Akwai rubutu a sama, na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana, har na gane cewa an rubuta wai ga yadda mutanen ƙauye ke ɓoye shanunsu. Ya matsa gaba ya nuna mini wani, sai ga tsakar gidana, matata ba mayafi tana surfe, 'yata budurwa tana dariya. Na mayar masa da wayarsa, ina tambayar yadda aka yi aka ɗauke mu ban sani ba. A nan ne wani mai gyaran waya ya yi mini bayani cewa yanzu akwai tabarau mai kyamara a jikinsa, yana ɗaukar hoto da murya, kuma akwai 'yar fitila da ya kamata ta haska idan yana ɗauka, amma wasu kan rufe ta.

Kafin in koma gida labari ya riga ni. Aka tara mu a ƙofar mai gari. Ban taɓa ganin fuskokin mutanen da na tashi a cikinsu sun juye haka ba. Wani ya ce dama shiru-shirun nan nawa ba banza ba. Wani ya tambaya nawa aka biya ni. Wani matashi da na yi wa huɗuba ranar sunansa ya kira ni infoma a gaban jama'a, kuma a yankinmu wannan kalma tana iya raba mutum da ransa. Na rantse, na yi bayani, amma me zan ce alhali ga muryata kowa ya ji? Liman ne ya tsaya mini, ya ce a ji tsoron Allah, su ma masu gadin ai sun ga tabarau ɗin ba su ce komai ba. Duk da haka dole aka kwashe shanu daga kwarin a tsakiyar damina, ana tsaka da noma, aka kai su wani wuri mai ƙarancin ciyawa. Dabbobi suka rame, saniyar wani maƙwabcina ta yi ɓari a hanya. Mai gari ya kira ni gefe ya ce don tsira da raina in ɗan bar garin har ƙura ta lafa.

Daga ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba ni a Batsari na kira ɗan aminin nawa. Na zaci zan ji kunya a muryarsa. Sai ya ce wai taimakonmu ya yi, yana so duniya ta ga wahalar da muke sha, kuma mutane da yawa sun tausaya mana. Na tambaye shi ko ɓarayi ba sa cikin duniyar, ko an gaya masa ba su da waya. Ya ce Baba ka cika tsoro, ai a birni an fara sabawa da irin wannan tabarau, ba wanda ke damuwa. Na ce to matata da 'yata fa, wa ya tambaya kafin ya kai su gaban mazan duniya? Ya ce ai ba wani abu suke yi ba, surfe ne kawai. Na ce idan ba komai ba ne, me ya hana ka gaya mini gaskiya ranar da na tambaye ka idonka? Sai ya ce da ya faɗa da ba mu saki jiki ba. Wato ya san ba za mu yarda ba, shi ya sa ya ɓoye. Ya goge bidiyon daga baya, amma ya riga ya shiga wayoyin da ba su ƙirguwa. Uban kuwa da na kai masa kuka, cewa ya yi in yi haƙuri, ka san yaran zamani, kuma tunda ba a kai hari ba ai magana ta wuce. Ni da aka sani da haƙuri, ranar na ce masa ya aiko da mota ya kwashe shanunsa. Ya aiko, aka loda su, abotar ta bi motar.

Allah ya tsare, ɓarayi ba su zo ta wannan dalili ba. Bayan an gama girbi aka ce in dawo, kuma na dawo. Ana gaisawa da ni, ana zuwa mini suna da jana'iza, amma idan na iso majalisa ana maganar tsaro sai a koma hirar farashin taki. Matata ta daɗe ba ta zuwa biki saboda zunɗe. Ba na ganin laifin mutanen garinmu, domin tsoro ne ya sa su haka, kuma da ni ne a madadinsu watakila abin da zan yi ke nan. Haushina yana kan wanda ya ci abincina ya kira ni Baba, da kuma masu cewa wai a hankali kowa zai saba da wannan abu. Wanda ya ɗaga waya ka gan shi, kana iya kau da kai ko ka ce a'a. Wannan kuwa yana kallonka cikin ido yana murmushi yana kwashe sirrinka, an ƙwace maka ko damar ƙi.

Abin da na koya shi ne mu muka kafa doka a kan abin da muka sani, zamani kuma ya zo ta inda ba mu sani ba. Ina kira ga 'yan'uwana na karkara, baƙo ko ɗan wa ne, idan zai shiga cikin iyalinku ko wurin da kuke ɓoye abin da ranku ya dogara a kai, ku dubi fuskarsa kamar yadda kuke duba aljihunsa, kada kunya ta hana ku tambaya har sau biyu. Ku kuma masu sayen wannan tabarau, ku sani abin da kuke ɗauka don a yaba muku, wani da ransa yake biya. Ku nemi izini, idan an hana ku ku cire. Ni dai yanzu ƙanena ke zuwa da safe ya karɓi shanuna ya kai su inda gari ke ajiye nasa, kuma har yau ba wanda ya gaya mini ko ina ne.