Jan Ƙyalle Mai Ƙulli Biyu

Abin da na fara lura da shi ranar da na koma injin casar shinkafa na Kalgo shi ne an shafe bangon da farin fenti. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Basiru, ƙanen mahaifiyata, kuma a bangon nan ya bar zanensa na ƙarshe. Na matsa kusa. Fentin bai yi kauri ba. Idan ka karkata kai, za ka hangi akwatunan da ya zana da gawayi, da kibiyoyin da ke haɗa su, kamar mutum tsaye a bayan labule.

A gidanmu na Gwandu ba wanda ya iya faɗin sunan aikinsa. Kakata takan ce wa baƙi yana aikin kwamfuta a Abuja. Ni kuwa ya ce mini aikinsa irin na mai zana gida ne kafin magina su zo, sai dai shi tafiyar aiki yake zanawa. Masu na'ura da yarensu, masu kasuwa da nasu, shi yake zama a tsakiya har abin da za a gina ya dace da abin da mutane ke yi.

Ina shekara goma sha ɗaya masu injin suka roƙe shi ya ɗora musu aikinsu a kwamfuta. Hutu ake yi, sai ya riƙa tafiya da ni. "Ke ba ki magana," ya ce, "amma kina gani." Mako guda bai buɗe kwamfutarsa ba. Yana zaune a kan buhu cikin matan da ke kawo turararriyar shinkafa, yana tambaya. Har manaja ya gaji ya ce, "Injiniya, na'ura muka kira ka ka sa muna, ba hira da tsofaffi ba."

Ni na raɗa masa cewa kowane buhu da ƙyalle ɗaure a bakinsa. Ashe da shi ake gane mai kaya. Masu suna Hauwa'u sun kai biyar, waya kuwa ta maigida ce, gida guda lamba guda. Wata tsohuwa, Inna Kulu, ta nuna masa nata: ja, ƙulli biyu, alamar da ta gada wurin uwarta. Kawu ya ƙwanƙwasa bango da gawayi sau biyu, yadda yakan yi kafin ya yi rubutu, ya zana sabon akwati ya rubuta ALAMA. Masu haɗa manhajar a birni suka ce ba su taɓa jin haka ba. Kwana uku yana waya da su har suka yarda. Daga nan mai karɓar kaya launin ƙyalle da yawan ƙulli yake shigarwa, buhu bai ƙara ɓata ba.

Kawu bai ga kakar shinkafar da ta biyo baya ba. Ciwon kwana biyar ne. Har yau idan malami ya ƙwanƙwasa allo sau biyu a aji, sai na ɗago kai.

Yanzu injin ya girma, an kawo sabon tsari mai sauri wanda lambar waya kawai yake nema. Na tarar da Inna Kulu a inuwar da na bar ta, ta ƙara ranƙwafawa. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ɗiyar Basiru ce wagga?" Ta ce mini su huɗu ke kan lambar waya ɗaya. Sau biyu ana ba ta shinkafar wata, mai tsakuwa, masu saye a wurinta suka dawo mata da ita. "In an ƙara, na bar zuwa," ta ce. "Turmi kuwa, dubi kafaɗun ga." Ranar Asabar za a rufe tsohon tsarin gaba ɗaya.

Na yi ta tunanin abin da Kawu zai ce. Ba na jin zai yi fushi da sabuwar na'urar, shi da ke murna da duk abin da ya rage wa mutane jira. Ina jin tambaya kawai zai yi: wa ya zauna a kan buhu kafin a kawo ta?

Sababbin ma'aikatan ba su san sunansa ba. Ba hotonsa a ofis. Abin da ya rage nasa a Kalgo zane ɗaya ne a ƙarƙashin fenti, da tsohuwa ɗaya da na'ura ta taɓa ganewa.

Mai kula da sabon tsarin wata matashiya ce daga Birnin Kebbi, Malama Safiya. Ni da ko hannu ban iya ɗagawa a aji, na je na tsaya a ƙofarta. Ta ɗago ta ce, "Ƙanwata, lafiya?"

Na ce, "Anti, don Allah kafin Asabar ki zo ki karkata kanki ki dubi bangon can. Sannan ki zauna a kan buhu, ki tambayi Inna Kulu labarin jan ƙyallenta."