Makonnin da Selasi Ta Yi Aiki da Kunne

Selasi Dogbe maƙwabciyarmu ce a garin Ho, tagar ɗakin aikinta tana kallon tsakar gidanmu. Ita ce babbar injiniya a wani kamfanin manhajar kwamfuta wanda ba shi da ofis. Abokan aikinta a warwatse suke, wani a Nairobi, wata a Lisbon, ta allo kawai suke ganin juna. Aikinta shi ne ta tabbatar makaho, ko mai rawar hannu, zai iya sarrafa manhajarsu ba tare da neman taimako ba.

Mace ce mai tsanani a kan aiki. Ba ta yarda kowa ya taɓa sashenta sai ta duba da idonta.

A daminar bara ta wayi gari wani baƙin abu kamar labule ya rufe mata rabin idon dama. Na hagun kuwa dama tun tana yarinya ba shi da ƙarfi. Likita ya yi mata aiki, ya ce ta kwanta rub-da-ciki na wasu makonni, kuma babu kallon allo. Ga shi lokacin fitar da sabuwar manhajarsu ta makarantun makafi ya matso.

Na kai mata akple, wato tuwon masara, da miyar kuɓewa, na tarar tana kuka a hankali. Mijinta Mawuko, wanda tela ne, yana zaune a bakin gado. Yakan kira ta Daavi, ita kuma ta kira shi Efo, kamar a ce 'yar'uwa da yaya a yarenmu.

"Daavi, ke da kike koya wa kwamfuta magana," in ji shi, "yau kuma kin rasa mai hira da ke?"

"Rabu da ni, Efo. Kai me ka sani ban da almakashi?"

Ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a ƙasa daidai hannunta. Ta kunna muryar da ke karanta wa makafi abin da ke allo, ta shiga bin manhajar da kunne. Komai ya tafi daidai sai wuri ɗaya, inda muryar ta yi ta cewa "maɓalli, maɓalli", ba ta faɗin na mene ne.

Ta kira Wanjala, abokin aikinta na Nairobi. "Ƙanena, ba zan iya gyarawa ba. Kai za ka yi."

"Yaya, sashenki fa?"

"Na ce ka yi."

Ya gyara, ta saurara, ta ce ya yi. Manhajar ta fita a kan lokaci.

Ranar da aka cire bandejin idon ni na raka su asibiti. Ta daɗe tana ƙifta ido, sannan ta dubi Mawuko ta ce rigarsa a bai-bai take. Gaskiya ne kuwa, don da sauri ya fito. Likita ya ce ganin ba zai koma kamar da ba, amma ya isa aiki. A hanyar gida ta sa muka tsaya kasuwa, ta zaɓi tumatir da kanta.