Sauron randar Inna

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a jami'a, malaminmu ya ba ni aikin da ya mayar da ni abin dariya a ƙauyenmu, can bayan Yankara. Cewa ya yi in tafi gida da damina, in kwaso tsutsotsin sauro daga duk ruwan da na gani kwance, in rene su har su yi fiffike, sannan in ware kowane iri daban. Na sauka gida da kwalabe da ludayi. Abokina na ƙuruciya ya tarar da ni tsugune a fadama ina kwalfar ruwa daga sawun shanu, ya riƙe baki ya ce, "Yo wanga shi ne karatun? Wasu na dawowa likitoci, kai ka dawo mana makiyayin sauro!"

Ko a jikina, don lokacin ji nake duk ƙasar Faskari babu mai ilimina. Da can ni ma na ɗauka sauro sauro ne kawai, ashe zuriya ce mai yawa. Na sawun shanu da kududdufin da rana ke duka, shi ne mai kawo zazzaɓi, kuma in ya sauka a bango sai ya ɗaga gindi sama kamar mai noma a duƙe. Na ruwan ƙazanta launin ƙasa gare shi, shi ne mai yi wa mutum kuka a kunne. Sai wani baƙi mai zanen fari a ƙafafu, ɗan gaye, wanda ba ya jiran dare, da rana tsaka yake cizo. Shi ruwan tukunya yake so, ko na kogon itace.

Ɗan gayen nan na yi ta yawon nema har na gaji, ashe yana cikin gidanmu. Mahaifiyata, da muke ce wa Inna, tana da wata tsohuwar randa a ƙarƙashin indararo, wadda kakata ta saya mata lokacin aurenta. Bakinta ya ɓare, cikinta ya tsage an liƙe, amma a ciki take tara ruwan sama don wanki. Da na leƙa, sai ga tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil.

Na ce, "Inna, randar nan fasa ta za a yi. Sauron da ke ciki irin mai kawo ciwon shawara ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, mi ta yi maka? Randar ga ta girme ka hwa. Da ruwanta aka wanke ka ran da ka zo duniya."

"To a kife ta."

"A'a. Gidan da aka tashi shi ake kihe ma randa. Mu kuwa muna nan."

Na yi bayani har da Turanci, ta ci gaba da tankaɗenta. Daga ƙarshe muka shirya: za ta riƙa rufe randar da faifai, ta kuma juye ruwan ta goge cikinta duk Juma'a. Ni kuma na kwashi tsutsotsina, da su na ci jarrabawa.

Bayan wasu shekaru 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu lamba, mutane suka fara watsewa. Na zo da mota in kwashe Inna da Baba zuwa cikin garin Ƙanƙara. Direban ya taɓa randar ya ce ba za ta kai titi da rai ba. Inna ba ta yi musu ba. Ta juye ruwan a gindin zogale, ta tattara ƙarfinta ta kife randar da hannunta. Muka haɗa ido, na san ta tuna maganarta, ni ma na tuna. Sai ta yi sauri ta ce, "Don kada sauronka ya haihu ciki ne, kahin mu dawo."

A Ƙanƙara gidan haya suka zauna, ruwa sai na jarkar 'yan ga-ruwa. Wata rana da la'asar na je gaishe ta, ta buɗe mini tafin hannunta, ga sauro a mace.

"Duba mani, wanga irin na gida ne?"

Na duba, launin ƙasa ne, babu zane ko ɗaya. Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Na kwata ne, Inna, ɗan gari ne."

Ta goge hannun a zaninta. "Ai na sani. Namu ya hi shi kyau."

A can Ƙanƙara Allah ya yi mata rasuwa, ba ta sake ganin gidan ba. Allah ya jiƙanta.

Yanzu koyarwa nake yi a makarantar sakandare, kuma duk shekara ina zana wa ɗalibai ire-iren sauron nan a allo, ina gaya musu kowane da ruwan da yake komawa ya haihu. In na zo kan mai zanen fari sai kewa ta kama ni, kewar gidan da kewar Inna. Na san mugu ne, in ya sauka a hannuna kashe shi nake yi, amma sai na tsaya na ɗan kalle shi tukuna. Har yau ban tambayi masu leƙawa ƙauyen labarin randar ba. Na fi son in bar ta yadda Inna ta bar ta, a kife, tana jiran mu dawo.