Malam Isma'ila Njidda da Taswirar Amurka

Ranar Talata, takwas ga watan Oktoba na 2024, da hantsi, ana ruwan sama, ina cikin aji sai Saliha, 'yar Malam Isma'ila, ta kira ni. Ta ce, "Kawu Nu'man, Baba ya cika." Na sallami ɗalibai, na zauna ni kaɗai har ruwan ya tsagaita. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Malam Isma'ila Njidda ya rasu a gidansa da ke unguwar Briqueterie a birnin Yaoundé yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata bakwai.

Malam, na daɗe ina ɗaga alƙalami ina ajiyewa. Na gaji da rubuta ta'aziyyar abokai, taka kuma ta fi min nauyi.

Shekara goma sha tara muka yi muna koyarwa a makaranta ɗaya a Nkomkana, ni lissafi, kai tarihi. Kullum in an tashi tare muke gangarowa unguwa a ƙafa, mu ratsa layin teloli da na masu tsire, kai kana magana, ni ina saurare. Kusan ko yaushe maganar ɗaya ce: yadda Amurka ta fara. Ba ka taɓa taka ƙasar ba. Tun kana ɗalibi ka tsinci wani tsohon littafi a wurin masu kasa littattafai a bakin titi, shi ke nan abin ya kama ka har ƙarshen rayuwarka.

Na sha tsayawa ta taga ina jin darasinka. Ka rataye tsohuwar taswirarka, ka nuna jihohi goma sha uku a liƙe a bakin teku, ƙasa marar ƙarfi wadda shugabanta na farko ya yi mata gargaɗi ta nisanci rigingimun Turai. Daga nan sai sandarka ta fara tafiya yamma. A 1803 sun sayi Louisiana a hannun Faransa, ƙasar ta kusan ninka girmanta. A 1823 sun ce wa Turawa kada su ƙara kafa mulkin mallaka a nahiyar. An tashi ƙabilar Cherokee daga garuruwansu, dubbai suka mutu a hanya. Sai yaƙi da Mexico a 1846, wanda ya ƙare da Mexico ta rasa kusan rabin ƙasarta. In ka gama da Faransanci sai ka juyo wajen yaran unguwarmu ka ce da Hausa, "Mai sayarwa yana Paris, mai saye yana Washington, masu ƙasar suna gonakinsu, ba wanda ya tambaye su."

Wata rana wani ɗalibi ya tashi ya ce, "Malam, ashe duk ɓarayi ne." Ba ka yi dariya ba. Ka ce masa, "Ban kawo ka nan don ka koyi zagi ba. A cikinsu akwai waɗanda suka miƙe a majalisa suka ce zalunci ne, aka rinjaye su. Je ka nemo min sunayensu." Ya nemo kuwa. Yau lauya ne, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Sai shekarar 2019 ta zo mana da abin da ba mu shirya masa ba. Awwal, ɗanka na fari, ya gama jami'a, ya yi shekara shida yana yawo da takardu, daga ƙarshe ya koma haya da babur tsakanin Messa da Mokolo. Wata Juma'a ya durƙusa gabanka ya ce zai tafi Amurka ta ƙasa: jirgi zuwa Ecuador, daga nan ƙafa da mota har iyakar Amurka da Mexico. Ina wurin. Ka ce, "Shekara talatin ina gaya wa 'ya'yan mutane yadda aka shata iyakar nan, kai kuma za ka je ka tsaya a bakinta kana roƙo?" Ya ce, "Baba, nan ma roƙon nake yi." Ka tashi ka shiga ɗaki. Ranar da zai tafi ka ƙi fitowa. Uwarsa, Hajiya Salamatu, ita ta raka shi bakin titi.

Na faɗi wannan ne domin kai da kanka ka ce in na tashi ba da labarinka kada in ɓoye shi.

Da ya shiga dajin da ke tsakanin Colombia da Panama, kwana goma sha ɗaya ba a ji ɗuriyarsa ba. A rana ta huɗu na gan ka ka naɗe taswirar aji ka saƙale a hammata. Ka kai ta gida ka shimfiɗa a kan tabarma, ka kira Hajiya ka nuna mata inda dajin yake da inda hanyar mota ta sake farawa. Ranar da wayarsa ta shigo daga Panama, kai ka karɓa. Abin da na ji ka ce kawai shi ne, "Na yi kuskure, Awwal. Allah Ya yi maka albarka, Ya kai ka lafiya."

Tun daga lokacin zaurenka bai ƙara zama fayau ba. Ashe gidaje da yawa a Briqueterie da Elig-Edzoa suna da ɗa a kan hanyar nan, kowa yana ɓoye nasa. Iyaye mata suka riƙa zuwa da sunan gari a rubuce a guntuwar takarda: Tapachula, Tijuana, Laredo. Ka nuna musu wurin, ka gaya musu nisan da ya rage, da Hausa ko Fillanci, wanda mutum ya fi ji. Ba ka taɓa yi wa kowa ƙarya don ka kwantar masa da hankali ba. Mu'mina mai sayar da ƙosai ta zo da sunan wani kogi, ka ce ta dawo gobe da mijinta. Ka yini kana kiraye-kirayen waya har ka tabbatar, sannan kai ka je gidansu ka faɗa musu ɗansu ya rasu. Ka dawo ka zauna ba ka ci abinci ba.

Awwal ya yi wata biyar a kudancin Mexico yana jiran takarda, sannan ya shiga ta Texas. Na ce maka, "To ga shi a ƙasar da ka fi sani." Ka ce, "Na san yadda aka same ta, Nu'man. Ban san yadda ake kwana a cikinta ba."

Shekara biyar ke nan shari'arsa ta neman mafaka ba ta ƙare ba, in ya fito daga ƙasar kuma ba za a bar shi ya koma ba. Da jikinka ya tsananta ya ce zai taho ko me zai faru. Ka hana shi. Ka ce, "Ka riga ka sha wuyar hanya. Zauna, na yafe maka zuwan." Bayan ka ajiye wayar ka juya fuskarka bango. Muka fita muka bar ka.

Mun yi maka salla bayan La'asar, aka cika maƙabarta duk da taɓo. Saliha ta ba ni wayarta tun daga gida, domin Awwal yana kan layi. Can wajensu safiya ce, ya roƙi izini ya fito daga ɗakin ajiyar kayan da yake aiki, yana tsaye a wurin ajiye motoci. Da aka saka ka ya ce, "Kawu, ka zuba ƙasa a madadina." Na zuba tawa, na sake ɗiba na zuba tasa.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ilimin da ka bayar ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Salamatu, da Saliha, da dangi na Garoua da na nan, da ɗaliban Malam. Allah Ya ba ku haƙuri. Awwal kuma, Allah Ya warware maka lamarinka, Ya dawo da kai ka tarar da mahaifiyarka da rai.

Nu'man Zakari
Briqueterie, Yaoundé